Surukin Honarabul

"Wane ne wannan?"

Baffa Sama'ilu ya miƙo wayar har ta kusa taɓa hancin Khairiyya. Tana durƙushe a bakin tabarma, tana kallon bidiyon saurayinta Jalaluddeen a dandalin da suke wasan barkwanci duk ranar kasuwar Roni. Ya cusa filo a cikin babbar riga, ya karkata hula, yana yanka ƙyallen buɗe wani aji marar rufi.

"Da gangan muka bar shi a buɗe," in ji shi a bidiyon, "domin ilimi ya riƙa sauko wa yaranmu kai tsaye daga sama!"

Sai ya yi wani ɗan siririn tari. Kasuwa ta ɗauki shewa.

"Tarin nan na wane ne?"

"Baffa... ai mutane da yawa suna tari."

"Rufe mini baki!"

Baffa Sama'ilu kansila ne, kuma shi ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinta. A bakin ƙofa Muhammad Auwal, mai riƙe masa wayoyi, ya sunkuyar da kai cikin jimami, kamar ba shi ya kawo bidiyon ba, kamar kuma ba shi Khairiyya ta sallama bara ba.

"Na fasa! Ba zan ba ɗan wasa 'yar ɗan'uwana ba."

Da la'asar Jalaluddeen ya zo zaure.

"Hasken idona..."

"Ajiye hasken nan tukuna. Baffa ya fasa."

"Wallahi ban ambaci sunansa ba!"

"Ka ambaci tarinsa."

"To me zan yi, sahibata? Digirina yana ƙasan akwati tare da kakin bautar ƙasa. Wasan nan kaɗai ne ya ɗauke ni aiki."

Ta juya masa baya don kada ya ga hawayenta. Abin haushin, ita malamar firamare ce, kuma ranar da ta fara ganin wasan ta fi kowa dariya. A nan ma ta fara sonsa.

Ana cikin haka Goggo Fatu, yayar Baffa, ta zo daga Gwiwa. Aka nuna mata bidiyon don ta taya fushi. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Yaron nan ɗan gidan wa ne?"

"Jikan Malam Bukar mai kanwa ne, na Babura," in ji Khairiyya.

"Babarbare?"

Goggo ta miƙe, ta sami ƙaninta a gaban magoya bayansa.

"Sama'ilu, ashe lalacewar ta kai nan? Bafulatani ya yi fushi don Babarbare ya tsokane shi? Abokin wasanka ne fa! Kakanmu a tsakiyar kasuwa Babarbare ya ƙwace masa sanda ya kira shi bawansa, dariya ya yi ya rama. Kai ka zauna kana kumburi. Bari a ji a Kazaure!"

Magoya bayan suka dubi juna. Kowa ya san tsakanin Fulani da Barebari wanda ya fara fushi shi ya faɗi, ga zaɓe ya matso.

Baffa ya daɗe yana shafa gemu. Can sai ya yi murmushi.

"Yaya, kin yi gaskiya. A sa rana. Kafin zaɓe nake so."

Muhammad Auwal ya saki waya ɗaya a ƙasa. Khairiyya ta dubi murmushin Baffanta da kyau.

Aka ɗaura aure, aka kai amarya.

Kasuwar da ta zagayo, jama'a suka cika dandali suna kiran Jalaluddeen da sunansa na wasa, "Honarabul! Honarabul!" Ya fito da tumbinsa na filo, sai ya ga Baffa zaune a sahun gaba, ya harɗe ƙafa.

"Bisimilla, ɗana. Yi wasanka."

Jalaluddeen ya dubi surukinsa, ya dubi jama'a. Babarbare yana wasa da Bafulatani, amma ba a taɓa jin wanda ya kwaikwayi surukinsa a bainar jama'a ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa da filon a cikinsa.

"Ranka ya daɗe, an wuni lafiya?"

Ya koma gida kafin magariba, ya zube a kujera.

"Khairiyya, Baffanki ya gama da ni."

"Sannu, angona."

"Tsaya... kin san haka za ta faru?"

"Tun ranar da ya ce a sa rana."

"Kuma ba ki faɗa mini ba!"

Ta ajiye masa kwanon tuwo, ta zuba miya a hankali.

"Da na faɗa maka, da ka tsaya yin tunani. Wanke hannu."