Dattijon Bayan Katanga

Keturah malamar firamare ce a Jimeta, ta daɗe tana jan ƙafa wajen zaɓar kamfanin da zai sa mata intanet a gida. Daren rufe rajistar jarrabawar ɗalibanta ta intanet, ta zauna bayan katangar wani otal tana jan waifai na kyauta. Wani dattijo ya tsuguna gefenta, rigarsa na ɗigar ruwa, yana warin laka.

"Nan wurina ne, 'yata. Tashi."

"Baba, yara talatin ke jirana. Ko kai ka gina Yola, sai na gama."

Ba ta ɗago ba sai da suna na ƙarshe ya shige. Sannan ta haska shi da waya, don ta ga mai korar ta. Hasken ya ratsa ƙirjinsa, ya sauka a jikin katangar.