Kalmasar Yatsu Huɗu

Ranar da Gwaggo ta watso wa Tela kayan ɗinkinta tsakar gida, zare na gangarawa cikin kwata, durƙusawa baiwar Allah ta yi tana tsince allurai, don kada su soki ƙafar 'yarta. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, kuma tun daga ranar yayarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta ɗaura ɗamarar raba ta da ɗakin da ya bari da kuma yarinyar.

Yarinyar kuwa, Allah Sarki... shekararta bakwai, amma gashinta ya zube ƙaf, fatarta ta yamutse, gwiwoyinta sun sage, tana tafiya a duƙe. Yaran layi suna ce mata Kaka. Uwarta kaɗai ke kiranta Maɓalli, don ita ke ɗinke mata maɓallan riguna da 'yan siraran yatsunta, tana zuba surutu kamar kanari. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, saboda Gwaggo ta bi gida-gida tana cewa uwar ce ke tsotse ta. Da hakan bai ishe ta ba, sai ta garzaya ofishin kula da yara ta rantse cewa Tela na kulle yarinyar ba ci ba sha, so take ta mutu ta huta. Kai, wani mutum sai Allah!

Da hantsi wata jami'ar ofishin ta iso tare da wata likita, da takardar ɗauke yarinya a hannu. Jami'ar ta ga 'yar halitta da hula a gefen keken ɗinki, ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Iya? Ina yarinyar take?"

"Ni ce yarinyar," in ji Maɓalli. "Haƙorana na nono ma ba su gama faɗuwa ba."

Nan hawayen da Tela ta daɗe tana haɗiyewa suka ɓalle. Ta roƙe su, don girman Allah, su yi mata kowane hukunci amma su bar mata 'yarta, domin ba wanda ya san yadda ake murza mata gwiwa da asuba sai ita. Gwaggo na bakin ƙofa tana taɓe baki, wai kukan munafunci ne.

Likita ta duba yarinyar a tsanake, ta bayyana musu cewa wata lalura ce ta halitta da ba kasafai ake ganinta ba, mai sa jikin yaro tsufa da wuri, ba yunwa ba ce, ba kuma hannun kowa. Tana gyara mata riga sai yatsunta suka ji kauri a bakin rigar. Ta juya, ta ga kalmasa mai faɗin yatsu huɗu. Ta buɗe akwati, kowace riga haka take. Ta tambayi dalili.

"Wurin girma ne," in ji Tela, kanta a ƙasa. "In ta ƙara tsawo sai in warware. Shekara uku ban warware ba, amma ban fasa bari ba."

Jami'ar ta ninke takardarta, idonta ya yi ja, ta dubi Gwaggo ta ce wadda ke jiran mutuwar 'yarta ba ta barin wurin girma a riga. Gwaggo dai ta amsa laifin ƙarya gaban hukuma, aka hana ta taka gidan, maƙwabtan da ta zuga kuma suka dawo da ɗinkinsu suna sunkuyar da kai. Haƙuri ke nan, wanda ya riƙe shi bai taɓa taɓewa ba!

Likitar ba ta ɓoye wa Tela cewa lalurar ba ta warkewa ba, amma ta ci gaba da kula da su. Bayan shekara, wata safiya, Maɓalli ta ce rigarta ta ɗage. Tela ta gwada da tef har sau uku. Sannan ta ɗauki reza, ta yi bisimilla, ta warware yatsa ɗaya.