Ɓaraguzai Ba Sa Wasa Kowa

"Muryar wa ce wannan?"

Baba Abdulghaffar ya ajiye wayar a kan tabarma, kusa da butar shayi. A cikinta gurmi na kururuwa, ƙwarya na shan duka ba sassauci, wata mace kuma na ɗaga murya da Hausa gauraye da Larabcin Jidda.

Hadiyya ba ta sunkuyar da kai ba.

"Tawa ce, Baba."

"Mai tasi ne ya kunna min! Har yana tambayata, ya Hajj, ka san Ɓaraguzai? Na ce ban san su ba... Ashe a gidana suke cin tuwo!"

Su uku ne suka fara, a kan rufin wani gida a unguwar Karantina ta Jidda: ita, da ƙawarta Zaituna mai dukan ƙwarya da jarkar ruwa, da Nomau, direba mutumin garin Tawa, wanda ya jona gurminsa da tsohuwar lasifikar mai tallan magani. A lokacin ba su da suna. Sai da aka rushe unguwar, su Hadiyya suka koma Sa'alaba, sannan suka sami sunan. Rediyo bai taɓa sa su ba. Amma 'yan aikin gida na tura waƙoƙinsu daga waya zuwa waya, direbobi na rera su a bakin danja. Dokarsu ɗaya ce, kowa kuma ya san ta: ba sa wasa kowa. Ba kirari, ba liƙi.

"Kuma mai gurmin nan ne ya aiko neman aurenki?" Baba ya ci gaba. "Maroƙi?"

"Ba maroƙi ba ne!"

"Makaɗi duk maroƙi ne, ya binti. Kakanki da ƙafa ya tako daga Katsina har Makka, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ga Thamer ɗan baffanki, yana da ofis, yana da mota."

"Nomau bai taɓa kiran sunan mutum don a ba shi ba."

"Don bai ga mai bayarwa ba ne."

Thamer mai shirya bukukuwa ne a gidajen shaƙatawa na Abhur. Cikin makon nan ya zo da fara'a har kunne. Walima ce bayan la'asar a bakin teku, ya ce, da dandamali na gaske, kuma Ɓaraguzai yake so. Har Baba ma ya gayyata.

Hadiyya ta sami Nomau a bayan kanti yana goge motar maigidansa.

"Wa ye babban baƙo?" ta tambaya.

"Majid."

"Kafilinka?"

"Shi. Ni ma zan kai shi."

Majid ne ya tsaya wa Nomau a ƙasar. Iƙamarsa, takardar izinin zama, a hannun Majid take. Ranar da ya yi fushi, sai jirgi.

"Tarko ne, Nomau! Thamer zai sa ka wasa shi a gaban Baba. In ka yi, kai maroƙi ne. In ka ƙi..."

"Bon. Na sani."

"To mu fasa!"

Ya matse tsumman, ya rataye a madubi.

"Mu fasa don Thamer? Rabin raina, tun yaushe nake neman babanki ya zauna ya saurare ni? Ga shi abokin gabana ya kawo min shi, har da kujera."

"Mahaukaci..."

"Naki dai."

Ranar walima iska na kaɗowa daga teku, baƙi cikin fararen riguna suna ta gaisawa. Baba na can gefe, hannu a kan sanda. Ɓaraguzai suka yi waƙa biyu. Baƙin suka yi tafin ladabi, irin na wanda bai san me ya same shi ba. Masu raba shayi kuwa, da direbobin da ke bayan shinge, ƙafafunsu sun kasa tsayawa.

Sai Thamer ya hau, ya karɓi makirfo.

"Ya jama'a, a al'adar ƙasarsu makaɗi yakan yabi babban mutum da sunansa da na kakanninsa! Yalla, ya Nomau, ji da maigidanka!"

Majid ya gyara zama yana murmushi, ya zaro kuɗi ya ɗaga sama yadda Thamer ya koya masa. Wayoyi suka tashi.

Hadiyya ta dubi Baba. Idonsa na kan Nomau, ko ƙiftawa babu.

Nomau ya matso da bakinsa.

"Ammi Majid, ina tuƙa ka, ina girmama ka, ba ka taɓa cutata ba. Amma gurmin nan ba ya kiran sunan kowa."

Wani ya yi dariya a baya. Dariyar ce ta ɓata komai. Hannun Majid ya sauko a hankali, fuskarsa ta haɗe.

"A gaban mutane?" ya ce. "Halas. Kawo mukulli."

Nomau ya zaro mukullin motar, ya ajiye a bakin dandamali kamar mai ajiye ƙwai. Ya koma ya daki gurmi, lasifika ta yi ƙara har wata mata ta toshe kunne.

"Zaituna!" Hadiyya ta yi ihu. "Ba shi wuta!"

Ta fizge makirfo daga hannun Thamer, ta shiga waƙar da aka fi saninsu da ita, wadda suke kira Ina Ƙofarmu. Ba sunan mutum ko ɗaya a ciki. Lungun masu tsire. Famfon da mata ke faɗa a kansa. Shagon ɗinki mai koriyar ƙofa, inda keke ke kuka tun asuba. Duk wuraren da yanzu fili ne.

"Ina ƙofarmu?"

Daga bayan shinge direbobi suka amsa da murya ɗaya:

"Tana nan a ƙirji!"

Masu raba shayi suka ajiye faranti suka shiga. Thamer na ta ɗaga hannu a kashe na'ura, amma mai na'urar ɗan Chadi ne, shi ma amshi yake yi.

Da ta buɗe ido, kujerar Baba ba kowa.

A gida ta same shi zaune a tabarmar nan. Bai ɗago ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta shirya wa duk abin da zai zo.

"Kin yi kuskure," ya ce.

"Ban yi ba, Baba. Ko gobe..."

"Ƙofar shagona shuɗiya ce. Rana ce ta cinye fentin."

Ta tako ciki, ta tsaya a gefen tabarmar.

"Na ga makaɗa da yawa," ya ce yana juya kofi. "Ban taɓa ganin wanda aka ɗaga wa kuɗi ya mayar da mukulli ba. Ki ce ya turo magabatansa."

"Majid ya yi masa khuruj, Baba. Barin ƙasar zai yi."

"Na ji."

"Zan bi shi."

"Wannan ma na sani. Tun kina rarrafe ba a iya tare ki." Ya kurɓi shayi. "Kakanki da ƙafa ya zo. Ke a jirgi za ki koma. Kin ci riba."

Sai a lokacin ta durƙusa ta kama hannunsa. Ya bar mata shi na ɗan lokaci, sannan ya janye.

"Halas, ya binti. Shayina zai huce."

An ɗaura auren a wani ƙaramin masallaci a Sa'alaba. Thamer bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Zaituna ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ce, "Ke, ƙwarya ta waya zan riƙa turo muku. Wanda ya sa wata a madadina, Allah ya isa!"

Hadiyya ba ta taɓa ganin Tawa ba. A tasha ta sauko da ciwon baya da akwati ɗaya, Hausar mutane na yi mata sauri a kunne. Ta riƙe rigar Nomau.

"Habibi... in ban iya nan ba fa?"

Ya nuna mata wani ɗan kabu-kabu mai furfura da ke zaune a kan babur, waya a aljihun gaba. Muryarta ce ke fita daga aljihun.

"Malam," Nomau ya ce, "su wa ke waƙar ga?"

Mutumin ya dube shi da tausayi.

"Kai baƙo ne? Ɓaraguzai ke nan, 'yan Jidda! Ko sarki ya zo ba su wasa shi!"

Nomau ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"In faɗa mai?"

Ta saki rigarsa, ta ɗauki akwatinta da kanta.

"Bar shi. Yalla, nemo mana lasifika."