Shinkafa da Wake a Gaban Surukai

Ranar da Nari ta fara ganin Dohun, a tsugune ta same shi gaban buhun baƙin wake a rumfar mahaifiyarta da ke kasuwar garin Mokpo. Ya ɗebi waken a tafin hannu yana jujjuya shi kamar mai cinikin zinare.

"Malam, in saye za ka yi ka saya," in ji ta. "In kuwa gaisuwa ka zo yi wa waken, ya ce yana amsawa."

Ya ɗago ya dube ta, kunnuwansa suka yi ja. "Yara ɗari uku nake ciyarwa. In ɗaya ya tauna tsakuwa, ni iyayensa za su tauna."

Ashe shi ke dafa abinci a wata makarantar firamare da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ita kuwa Nari a gidan waya take aiki, ranar Asabar kawai take zuwa taya mahaifiyarta. Daga ranar nan, wake bai ƙara yanke wa Dohun ba sai ranar Asabar.

Kafin bazara ta ƙare saƙonnin waya sun fara yawo tsakaninsu.

"Barkonona, kin ci abinci?"

"Na ci. Wace ce kuma barkono?"

"Ke mana. Tun ranar farko kike sa ni gumi."

"Yaya Dohun, ba ka da kunya. Kai fa, ka ci?"

"Ina jiran ranar da za mu ci a kwano ɗaya."

Ta karanta wannan sau uku a bayan kantar gidan waya, har mai sayen kan sarki ya yi gyaran murya.

Matsalar ita ce Baba, mahaifin Nari. Bang Sangcheol ya yi shekara talatin yana walda a wurin ƙera jiragen ruwa, kuma ya riga ya zaɓa wa 'yarsa miji: Jaemin, likitan haƙori, ɗan amininsa, wanda tun yana yaro yake shiga gidan har kicin.

"Namiji da ludayi?" in ji Baba da ya ji zancen Dohun. "Maraya ne kuma, daga shi sai kaka. Me zai riƙe ki da shi?"

"Baba, wanda ke wuni da hannu a bakin mutane shi ya fi?"

"Kin ji 'yarki ko?" Ya juya ga Mama.

"Na ji. Bakinka ta ɗauko," in ji Mama. Ita ce ta yi ta lallaɓa shi har ya yarda su je gidan Dohun cin abincin yamma, sau ɗaya tak.

Ana gobe Dohun ya aiko da saƙo: "An tsegunta min abin da Baba ya fi so. Kada ki tambaya." Nari ta yi murmushi, a zatonta kifi ne.

Suka isa kafin faɗuwar rana. Kakar Dohun ta tarbe su da fara'a, aka zauna a ƙasa kewaye da gajeren tebur cike da ƙananan kwanuka. Dohun ya fito da tukunya da hannu biyu, ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba, ya buɗe.

Shinkafa da wake.

Nari ta dubi Baba. Kowa a ƙasar ya san in aka ce wane ya ci shinkafa da wake, ana nufin ya yi zaman gidan yari. Baba kuwa ya yi shekara biyu a can yana saurayi, don ya jagoranci yajin aiki. Mama na sayar da wake buhu-buhu, amma ƙwaya ɗaya ba ta taɓa faɗawa tukunyar shinkafar gidansu ba, kuma ba a zancen.

Baba ya daɗe yana kallon tururin. Sannan ya ajiye cokalinsa a hankali, ya miƙe, ya sunkuya wa tsohuwa. "Ki gafarce ni, Kaka." Ya sa takalmansa ya fita.

Suka koma gida. Nari ta shige ɗaki hawaye na zuba, ta rubuta: "Don ya raina sana'arka shi ne za ka tuna masa kurkuku a gaban kakarka? Ban san haka kake ba."

Amsa ta zo nan take. "Wane kurkuku, Nari?"

Ta zauna a bakin gado. Sai lokacin ta tuna ita ba ta taɓa faɗa masa ba.

"Wa ya ce maka abin da ya fi so ke nan?"

Ya rubuto: "Jaemin. Mun haɗu a kasuwa. Amma kada ki faɗa wa Baba, ɗan amininsa ne. Ni na dafa, ni zan ba da haƙuri."

Ba ta ji maganarsa ba. Da safe wajen karin kumallo ta tura wa Baba wayar. Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama, ya wuce barkonon da komai, fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ɗauki sandar kamun kifinsa ya fice.

Ranar Lahadi Dohun ya roƙe ta ta raka shi bakin teku inda Baba ke zama. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Baba, na yi kuskure. Da na tambaya kafin in dafa."

"Shi ke nan abin da za ka ce? Ba wanda ya sa ka?"

"Hannuna ne ya dafa, Baba."

Baba ya naɗe zarensa, bai dube shi ba. "Ranar da aka kama mu, mu bakwai ne. Shida suka faɗi sunana kafin a taɓa su." Sai ya juyo ya dube shi. "Tashi, za ka ɓata wando. Me ya kai ka dafa wa baƙo abincin fursuna?"

"Shi Kaka ta raine ni da shi. Shinkafa kaɗan, wake ya cika tukunya. Ban san abincin da ya fi shi daraja ba."

"Na can rabinsa tsakuwa ne, ga wari," in ji Baba. "Naka kuwa... ƙamshinsa ya bi ni har gida, ya hana ni sukuni. Zo ka dafa a gidana, in ga ko hancina ne ya yi ƙarya."

Da la'asar ɗin Laraba Dohun ya shigo kicin ɗin Mama da waken da ya jiƙa tun safe. Nari ta wanke shinkafa sau uku, ya baza waken a kai ya ɗora. Ya soya tafarnuwa da albasa a man riɗi, ya yayyanka tsohon kimchi, kabejin da aka tsima da yaji, ya zuba, ya kawo gochujang ɗin kakarsa, ƙullin jan barkonon da ya shekara biyu a tulu, ya narka cokali biyu a ciki da ɗan zuma. Gida ya ɗauki ƙamshi har Mama ta yi atishawa.

"Ƙara yaji," Baba ya ɗaga murya daga falo. "Ni ba ɗan firamare ba ne!"

Aka zuba masa, aka ɗora soyayyen ƙwai a kai. Ya cakuɗa, ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa. Nari ta zuba masa ido. Hawaye suka gangaro masa.

"Yajin ne," in ji shi.

"Mun sani," in ji Mama, tana share nata idon.

Ya cinye tas, ya miƙa kwanon ba tare da ya ɗago ba. "Surukina, ƙaro min."

Da Jaemin ya ji asirinsa ya tonu, ya zo da kwandon lemo ya ba da haƙuri. Baba ya karɓi haƙurin, ya ce ya kai wa Dohun lemon.

Da lokacin kaka ya zo aka yi biki, 'yan kasuwa suka rufe rumfuna rabin yini. Ango da amarya suka sunkuya har ƙasa a gaban Kaka, ita kuma ta cika hannu da busassun magarya da gyaɗar kurmi ta watsa musu a zanen da suka shimfiɗa, Nari ta tare har goma sha ɗaya.

"'Ya'ya goma sha ɗaya!" in ji Kaka. "Ku yi sauri, ina so in ga na farko yana tafiya."

Baba ya kama hannun Nari ya sa a na Dohun, ya riƙe su gam. "Ku zauna lafiya. In kun yi faɗa, kada ɗayanku ya ci abinci shi kaɗai."

"To, Baba," suka amsa tare.