Sunan Inna a Kan Allo

A shekarar da gero ya yi tsada, har tuwon dare ya zama sai da dabara, akwai wata yarinya 'yar sakandare a Gezawa. Tun tana ƙarama take son koyarwa. Har awakin gidansu ta taɓa tarawa ta koya musu karatu. Ba su iya ba, amma sun cinye mata takarda.

Wata rana aka fara wani darasi a makarantarsu don ɗaliban da ke son zama malamai. Ita ce ta fara ɗaga hannu. Da suka yi nisa, sai malamin darasin, Malam Sama'ilu, ya ce, "Mako mai zuwa kowa zai je firamare ya gwada koyarwa."

Murna kamar ta tashi sama! Da gudu ta shiga gida.

"Inna! Inna! Na zama malama!"

Inna ta yi dariya ta ce, "To Malama, fara ɗebo mana ruwa tukuna."

Aka tura ta wata ƙaramar firamare a ƙauyen da ke kusa. Yaran ba su da yawa, don iyaye sun kwashe wasu zuwa ƙwadago a gonaki. Hedimasta ya ba ta guntun alli ya ce, "Ki lallaɓa shi, shi ke nan gare mu."

Ta shiga aji biyu tana taku ɗai-ɗai, sai ka ce ta shekara goma tana koyarwa. Ta rubuta a allo: "Mairo ta daka gero."

Ta nuna wani yaro a gaba, mai suna Basiru. "Tashi ka karanta."

Basiru ya dubi allo, ya sunkuyar da kai. Sauran yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Karanta mana!"

Basiru ya ƙara sunkuyar da kai.

Ranta ya ɓaci. "Taurin kai za ka yi mini? Fita ka durƙusa a waje!"

Basiru ya fita yana hawaye.

Washegari ba a ga Basiru ba. Da ta tambaya, wata yarinya mai suna Fanta ta ce, "Babansa ya ce tunda karatun ba ya shiga, gara ya bi shi gona. Ya daina zuwa ke nan."

Ta zo koyarwa, ga shi ta kori ɗalibi!

A ranar Malam Sama'ilu ya zo duba aikinta. Ta faɗa masa komai.

Ya ce, "Kin tambaye shi dalili?"

"A'a, Malam."

Malam ya dubi rubutun jiya da ke allo, ya juya ga yaran. "Wace ce Mairo?"

Suka amsa baki ɗaya, "Innar Basiru ce!"

Yarinyar ta rufe baki da hannu. Kunya ta kama ta. Wane yaro ne zai kira sunan mahaifiyarsa gatsal a gaban mutane? Ita kanta ko da bulala ba za ta kira sunan Innarta ba.

Da aka tashi, suka nufi gidansu Basiru. Malam ya tsaya a zaure da baban yaron, Malam Dabo. Ita kuma ta yi sallama ta shiga ciki, ta durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, ki yafe mini. Basiru ba shi da laifi. Sunanki na rubuta, shi kuma ya ji nauyin faɗa."

Matar ta ajiye taɓarya, ta dubi ɗanta, idonta ya kawo ruwa. "Ashe don ni ka sha rana?"

Daga zaure aka ji muryar Malam Dabo: "To, in dai kunya ce, gobe ya koma. Gonar ni zan ji da ita."

Da safe sai ga Basiru a sahun gaba. Yarinyar ta ɗauki guntun allinta, ta goge kalma ɗaya, ta rubuta wata.

Kafin ta kira shi, ya miƙe ya ɗaga murya: "Inna ta daka gero!"

Har 'yan aji uku sai da suka ji. Yara suka yi ta tafi, ita ma tana tafawa.

Malam Sama'ilu ya yi murmushi ya ce, "Yau kin zama malama. Me kika koya?"

Ta ce, "Malami na gari yana tambaya kafin ya yi hukunci."