Ruwan Baƙo a Garejin Suwame

Motar Wofa Bempah ta girmi 'ya'yansa duka. Tsohuwar bas ce mai gado da murhu a ciki, marigayiya matarsa ce ta ɗinka mata labule. Ƙusoshin ƙarfen da ƙafafun gaba ke juyawa a kansu sun cinye, sitiyari sai rawa yake. Tun hantsi yake zaga garejojin Suwame a Kumasi, kowa na yi masa dariya.

"Wofa, wannan kakar tamu ai sai masu narka ƙarfe!"

Gab da faɗuwar rana, Laraba ce ko Alhamis, abin ya shige mini, ya kutsa wani lungu. Matsattse ne, matattun motoci jibge hagu da dama, ba wurin juyawa. A ƙarshensa akwai rumfa. Warin baƙin mai da tsatsa. Makanikai huɗu, ba rediyo, ba hira.

"Mun san ciwonta, Wofa," in ji babbansu, wani dogo mai furfura. "A hannunmu irinta suka tashi."

Kafin ya buɗe baki sun ɗaga ta a jak, sun cire tayoyin gaba. Dogon ya miƙo masa kofin ruwa, yadda ake tarbar kowane baƙo. Wofa ya ɗan tsiyaya a ƙasa, rabon waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Ƙasa ta shanye.

Sai ya ji haɗiya. Ƙwat. Maƙogwaro huɗu, lokaci guda.

"Mun gode," dogon ya raɗa. "An daɗe ba a tuna da mu ba. Ƙara."

Ya juye sauran. Suka lumshe ido, suka haɗiye. Kofi ya ƙare. Suka buɗe ido, suka tako.

Bayansa ya haɗu da motar. Ya laluba ƙofa, ya jawo jarkar ruwan girki, ya fara tsiyayawa.

Suka tsaya cik.

Yana zubawa, yana ja da baya. Ƙarfe na yagar rigarsa. Lungun ya ƙi ƙarewa. Jarka na ta rage nauyi.

"Ina za ka, Wofa? Ba mu ƙoshi ba."

Ya kwantar da jarkar a ƙasa, ya juya, ya zuba da gudu. Yana jin ta a bayansa: bul, bul, bul.

Ta yi shiru.

Sai sawu.

Wani sanyi ya taɓa ƙeyarsa daidai lokacin da ya faɗo bakin titi, gaban garwashin wata mai gasa ayaba.

Bai koma neman motar ba, har da labulen. Tun daga ranar, in aka ba shi ruwa shanyewa yake tas, ko ɗigo ba ya bari ya sauka. Dangi suka ce ya manta da iyayensa. A wurin makokin yayarsa, da dattawa suka tashi zuba wa ƙasa abin sha, an gan shi can bayan rumfa, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.