Dutsen Niƙan Inna a Ƙarƙashin Mota

Yammacin Laraba ne, rana ta yi ja a bayan gonakin geron Sisawa, kaji sun fara neman wurin kwana, Ma'u na tuƙa tuwo a madafa. Mijinta Halliru kuwa yana durƙushe a tsakar gida, bayan tsohuwar motar da yake jigilar albasa da ita daga Goronyo zuwa Wurno. Lodi ya kashe sifirin ɗin baya duka biyu, ƙarafan da ke tallabe nauyin mota, har gindin motar na gugar ƙasa in ta faɗa rami. Ya sayo sababbi, ya shigo da motar ta babbar ƙofa, ya ce da hannunsa zai sa abinsa.

Halliru ya iya aiki, wannan ba gardama, amma Allah Ya yi shi da gaggawa da taurin kai. Makanikai suna da ƙafafun ƙarfe da suke ɗora mota a kai kafin mutum ya shiga ƙarƙashinta. Shi ba shi da su, kuma ƙyuyar zuwa aro ta hana shi. Ya sa waigi a tayoyin gaba don kada su gangara, ya ɗaga gefen dama da jak, ya tokare da kututturen itace. Da ya ɗaga na hagu sai ya rasa abin tokarewa. Ya waiga, idonsa ya sauka kan dutsen niƙan marigayiya mahaifiyarsa, yana kife a bayan rumbu.

Duk gidan an san dokar dutsen nan. Inna ta yi shekara arba'in ba ta wuce shi ba sallama, ba ta kuma yarda a zuba ruwan zafi kusa da shi ba. Ranar da aka kawo Ma'u amarya, shi ne abu na farko da tsohuwar ta nuna mata.

"Baban Rumaisa," in ji Ma'u daga bakin madafa, "dutsin Inna na hwa. Kuma magariba ta yi."

"Inna ta riga mu gidan gaskiya. Dutsi dai dutsi na."

Ko bisimilla bai yi ba. Ya mirgino shi, ya tsayar da shi a gefensa, ya sauke motar a kai, ya zare jak. Dutsen da niƙan shekaru ya ƙwaƙule cikinsa har ya zama kamar akushi, shi aka ɗora wa ƙarfe. Ya cire tayoyin baya, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta rigingine ya ja jiki ya shige.

Sai kajin suka yi tsit. Tsakuwa ta faɗo kan bayan motar, ƙwal. Wata ta biyo, wata kuma ta same shi a ƙauri. Ya fito yana zagin yaran maƙwabta, ya leƙa bayan katanga, babu kowa sai karan dawa a tsaye. Da ya sake kwanciya jifa ya dawo, da ya fito ya ɗauke. Sau uku ana haka, sannan aka kira salla, ya tattara sifanoninsa ya tafi.

Bayan sallar ne Ma'u ta kurma ihu. 'Yarsu Rumaisa, mai shekara goma sha ɗaya, tana durƙushe a ƙofar ɗaki, kanta a sunkuye ya karkata hagu, hannayenta biyu a sama, tafukan a buɗe, kamar wadda ta tallabi rufin ɗaki. Idanunta a buɗe suke amma ba ta ganin kowa. Uban ya kama hannunta zai sauke, wallahi ko motsi bai yi ba.

Haka ta kwana, haka ta wuni ranar Alhamis. Ba ci, ba magana, sai gumi da nishi mai nauyi irin na babban mutum. Jijiyoyin wuyanta sun tashi, gwiwoyinta sun nutse cikin ƙasa. Halliru ya ce a kai ta asibiti, to da wace mota? Ya ruga zai ƙarasa aikin, sai jak ya zubar da mansa ya ƙi ɗagawa, jifa kuma ya fasa masa goshi kafin ya kai ga shiga. A nan tsoro ya kama shi sosai, ya zauna a ƙasa yana kallon 'yarsa tana ƙarewa a gabansa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ƙaninsa Lawwali ya ɗauko Malam Uwaisu daga Rara a kan babur. Dattijo ne siriri, ba ya son yawan magana. Ya dubi yarinyar, ya dubi motar, ya daɗe yana duban dutsen. Sannan ya zauna a gabanta ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta tashi ba ta sauka. Inuwar rumbu ta yi tsawo har ta taɓa ƙafarsa kafin leɓen Rumaisa ya motsa.

"Bari ƙona ni, Malam. Abin da ni ka ɗauke da shi ya ishe ni."

Muryar tsohuwa ce, a dushe. Ma'u ta toshe bakinta da gyale.

"Ke wa ta?" in ji Malam. "Mi kika biɗa ga ɗiyag ga?"

"Maƙwabciya ta ni. Ƙarƙashin dutsin nan ni ka zaune tun uban gidan ga bai iya tahiya ba. Ya ɗebe mani ruhin ɗaki ba sallama, ya aza mai ƙarhe. Tun daren hwarko dutsin ya tsage. Kwana biyu ni ka riƙe da motag ga."

"In ya ɓata maki, don mi kinka riƙe?"

"Don uwatai. Ba ta taɓa ƙona mani ɗiya da ruwan zahi ba. Na jehe shi ya hita, shina komawa awa akuya. Ƙarhe na cin jikinmu, Malam, ba ni iya taɓa shi da nawa. Shi ya sa nij jingina ga ɗiyag ga, jinin tsohuwa."

Halliru ya rushe da kuka, ƙato da shi, ba kunyar kowa.

"Kin yi alheri kin gama shi da zalunci," in ji Malam. "Yarinya ba ta ɗauki dutsi ba. Sake ta."

"In na saki, mota ta hwaɗi. Ku bar mani ɗiyag ga in zauna jikinta, tunda ba ni da ɗaki."

"Ba a ba ki ɗiyar mutane. Ɗakinki za a mayar maki, da hannun wanda yaɗ ɗauke shi."

Yarinyar ta yi wani nishi da ya sa ƙashin wuyanta ƙara.

"Kahin rana ta hwaɗi. Bayan nan ba ni da ƙarhi, ita ma ba ta da."

Halliru ya zabura zai cusa kai ƙarƙashin motar ya jawo dutsen. Malam ya damƙe rigarsa ya daka masa tsawa: "Har yanzu ba ka ji ba? Ba mai shiga!" Lawwali ya fita da gudu ya tattaro maza shida daga masallaci. Suka zaro azarar giginya daga rumfa, suka zura ta daga gefe, suka jera kututture biyu masu kauri a kusa. Rana ta rage kamar faifai a bakin katanga. Suka yi bisimilla da ƙarfi, suka danna azara, motar ta ɗan ɗaga, Lawwali ya tura kututturen da sanda.

Ko taɓa dutsen ba a yi ba. Nauyi na barinsa ya rabe gida biyu, ya kife kan buhun da Halliru ya shimfiɗa, daidai inda kansa yake kwanciya. A lokacin hannayen Rumaisa suka faɗo, ta zube a jikin uwarta.

Halliru ya ɗauki ɓangarorin dutsen biyu ɗaya bayan ɗaya, ya kai bayan rumbu, ya haɗa bakinsu ya kife. Sannan ya yi sallama. Daga bakin yarinyar, can ƙasa-ƙasa, aka amsa, sannan aka ce: "Na tahi. Ku ba ta ruwa."

Ana kiran magariba ta buɗe ido ta ce, "Baba, wuyana."

Ta warke, ta koma makaranta, ba ta tuna kome. Lawwali ne ya ƙarasa sa sifirin, a kan ƙafafun ƙarfe da ya aro daga Wurno. Amma wuyan bai koma daidai ba. An kai ta asibiti, an yi gashi, an yi shafe-shafe, har yau in ta tsaya kanta a ɗan karkace yake zuwa hagu. Duk safiya in ta durƙusa ta ce, "Baba, an tashi lahiya?" Halliru na amsawa ne idonsa a ƙasa, don ba ya iya kallon wuyan.